Zaƙi Daga Rushi: Abin da Na Gani a Tambuwal da Kebbe

Idan aka ce wa mutumin Zazzau Sakkwato, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne rana mai ƙuna da rairayi da raƙuma ɗauke da kaya. Wannan kuwa kamannin arewacin jihar ne, wajejen Illela da Gada da Tangaza. Kudancinta wata ƙasa ce dabam. Da zarar mota ta fita daga birnin Shehu ta kama titin Jega, ta wuce Boɗinga da Shagari, sai ka ga itatuwa sun fara matsowa kusa da juna: kuka, tsamiya, ɗorawa, jefi-jefi kaɗanya. Ruwan damina a nan ya fi na bakin iyakar Nijar, kuma gonaki ne ke ba da wannan shaida tun kafin kowa ya faɗa maka.

Na bi wannan hanya ne a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ke rufe rana har hantsi, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. An gama yankan gero da dawa, an jingine kara a bakin gonaki, rumbuna sun cika. Muka ratsa Dogon Daji, garin da aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi wanda ya riƙe sarauta daga 1988 zuwa 1996, sannan muka iso Tambuwal, wajen kilomita 100 daga Sakkwato. Tsohon ribaɗi ne, mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, malami kuma mawaƙi, kuma zuriyarsa ce ke da sarautar wannan yanki. Dasuƙi ma daga wannan gidan ya fito. 'Yan zamani sun fi sanin sunan garin ta bakin siyasa, saboda Aminu Waziri Tambuwal da ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ya kuma yi gwamna shekara takwas. Ni ba sarauta ko siyasa ta kai ni ba, ziyarar aminin karatu ce. Abin da ya fi zauna mini a rai daga tafiyar kuwa wani ɗan ƙaramin abu ne da ake yi bayan tuwon dare, wanda mutanen gidan ba su ɗauke shi a bakin komai ba.

An karɓe ni yadda Sakkwatawa suka saba karɓar baƙo, gaisuwa a kan gaisuwa, fura mai sanyi da rana, da dare tuwon shinkafa da miyar taushe da zabo. Da aka kwashe kwanuka sai aka aiki yaro shago, ya dawo da lemon kwalba da ƙunshin biskit, aka ajiye a gabana a kan faranti. Wannan shi ne girmamawa, na kuma gane haka. Amma daga inda nake zaune ina hango tsakar gida, inda yara suka kewaye murhun da aka tuƙa tuwo, kowa da ɗan karansa yana tonon toka. Suna ciro wasu baƙaƙen abubuwa suna jefawa daga hannu zuwa hannu saboda zafi, suna ɓarewa, tururi yana tashi. Ƙamshin da iska ta kawo mini ya sa na manta da farantin da ke gabana.

Na ce wa mahaifiyar abokina, “Inna, wancan da yara ke ci fa, ba a sam wa baƙo?”

Ta yi dariya ta ce, “Haba ɗana, kudaku na fa. Wa ka ba baƙo kudaku? Abin ɗiya na.”

Na ce ai ni ma ɗa ne a gidan nan. Sai ta tashi da kanta, ta kori yaran gefe, ta sa kara ta tono guda biyu daga can ƙasan tokar, ta kaɗe su, ta kawo mini a kan faifai. Dankalin Hausa ne, irin mai jan baya da farar tsoka. Bayansa ya ƙame ya rabu da tsoka, a gefe guda wani ruwa mai danƙo ya tsattsafo ya daskare, ya yi launin maɗi. Da na ɓare, cikinsa ya yi laushi har tsakiya, ba gari-gari irin na dafaffe ba. Ba a sa masa sukari ba, ba a sa zuma ba, amma zaƙinsa ya cika baki, ga ɗan ɗacin ƙonuwa a gefe yana taka masa birki. A daren da sanyi ke ratsa riga, abu mai ɗumi da zaƙi bayan tuwo yana yi wa jiki abin da lemo mai ƙanƙara ba zai taɓa yi masa ba.

Na tambaye ta yadda take yi, domin a gidanmu na Zariya ma muna gasa dankali, amma sau da yawa yakan fito baya ya ƙone ciki ɗanye. Ta ce, “Wuta mai harshe ba ta gasa kudaku, ƙona shi taka yi. Sai ta mutu ta bar rushi, sannan a turbuɗe shi a manta da shi.” Wato tun ana kwashe tuwo take buɗe tokar, ta jera matsakaita, ba manya ba, ta mayar da rushi ta rufe, ta bar su har a ci abinci a yi sallar isha'i. Ta ƙara da cewa wanda aka haƙo yau ba ya zaƙi, sai ya kwan biyu a inuwa ya sha iska.

Duk abin da ta faɗa, masu binciken abinci sun tabbatar da shi. Yawancin abin da ke cikin ɗanyen dankali sitaci ne, kuma sitaci ba shi da zaƙi a harshe. Amma Allah ya halicci dankalin da wani sinadari a jikinsa wanda ke datsa sitacin ya mayar da shi wani nau'in sukari da ake kira maltos. Wannan sinadari ba ya kama aiki sosai sai zafin cikin dankalin ya kai wajen digiri 60, kuma idan ya zarce 75 zuwa 80 sai ya mutu. Saboda haka duk sirrin yana cikin tsawon lokacin da dankalin zai ɗauka a wannan tsakani. Harshen wuta yana tsallake shi da gaggawa. Rushi kuwa yana ɗaga zafin a hankali, ya ba sinadarin sarari ya yi aikinsa, daga baya ruwan jikin dankalin ya ragu, zaƙin ya taru, wanda ya tsattsafo waje ya soyu ya ba da wannan launi da ƙamshi. Ajiyar kwanaki bayan haƙa ita ma tana sa wani ɓangare na sitacin ya fara juyewa tun kafin a kai shi murhu. Akwai kuma wani lissafi da matan karkara suka daɗe da yi: rushi zafi ne da an riga an biya kuɗinsa. Itacen da ya dafa tuwo shi ne ya gasa dankalin, ba a ƙara ko tsinke ba.

Ina cikin ci ne tunanina ya tafi wani dare a Holan, inda aiki ya taɓa kai ni cikin tsananin sanyi. Mai masaukina a can, bayan mun ci abinci, ya kawo gasasshiyar fiya. Fiyar Turai nake nufi, 'yar'uwar tuffa, mai siririn wuya da faffaɗan gindi, ba fiyar nan mai maiƙo da ake kawo mana daga Jos da kudu ba. Aikin bai ɗauke shi komai ba. Ya raba kowace gida biyu, ya ƙwaƙule 'ya'yan da cokali, ya sa ɗan man shanu da zuma a ramin, ya barbaɗa kirfa, ya tura cikin tanda mai zafin digiri 180 na wajen minti arba'in. Ta fito ta yi laushi, ruwanta ya haɗu da zumar ya yi kauri a gindin faranti. Ya ɗora mata cokalin kindirmo, ya miƙo mini da hannu biyu, fuskarsa cike da alfahari. A manyan gidajen abinci na can ana rubuta wannan abu a takardar zaɓen abinci, a sayar da shi da tsada.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, asalin gasa fiya a Turai dabarar talaka ce. Akwai irin fiyar da ba ta ciyuwa ɗanya, tauri gare ta da bauri, amma tana jure ajiya har ƙarshen hunturu lokacin da babu wani ɗan itace a kasuwa. Mutanen Holan suna da irinta mai suna Gieser Wildeman, wadda sai an bar ta a kan wuta kaɗan-kaɗan na sa'o'i kafin ta yi laushi ta koma ja. A Ingila akwai wadda ake kira Warden, ana danganta ta da wani gidan ibada na ƙarni na 12 a yankin Bedford, kuma an daɗe ana tallar ta da zafinta a kasuwannin shekara-shekara. A arewacin Italiya mutanen kwarin Zoldo, da duwatsu suka hana su noman kirki, sukan gangaro birane da sanyi suna tallar dafaffiyar fiya a titi. Zuriyarsu ce daga baya ta cika Ostiriya da Jamus da shagunan askirim. Abincin maleji ne, sai dai masu shi ba su ji kunyarsa ba. Sun riƙe shi, sun gyara shi, sun ɗora shi a faranti mai kyau, har ya zama abin da ake tarbar babban baƙo da shi.

Bishiyar fiya ba za ta yi a Tambuwal ba. Tana bukatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin ta yi fure, mu kuwa sanyin hunturunmu na dare ne, da rana ta ɗaga ya tafi, ga bazarar da zafi ke haura digiri 40. Ƙasar Sin ce ke noma fiye da rabin fiyar duniya, wadda ake gani a teburan masu kayan marmari a Kano da Abuja kuwa yawanci daga Afirka ta Kudu take zuwa, kuma kuɗin guda ɗaya zai sayi kashin dankalin da zai ishi yaran gida. Don haka ban ga dalilin da zai sa mu yi ta hanƙoron fiya ba. Abin koyi a wurinsu shi ne mutunta abin gida. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Azhar sun san amalanken masu gasa dankali a titunan Alƙahira, da ƙaramar tandar ƙarfe mai bututun hayaƙi, manya da yara suna tsayawa su saya. A Japan gasa dankali a kan duwatsu masu zafi sana'a ce mai tarihi, har motoci ke yawo da shi unguwa-unguwa, manyan kantuna kuma suna da na'urar gasa shi a bakin ƙofa. Nijeriya tana noma kusan tan miliyan 4 na dankalin Hausa a shekara, tana sahun gaba a duniya, amma ban taɓa shiga gidan abinci a Arewa na ga an kawo shi gasasshe bayan abinci ba.

Daga Tambuwal muka yi kudu zuwa Kebbe, wadda ke jihar Sakkwato duk da kamar sunanta da jihar maƙwabta. Ƙaramar hukumar ta fi ta Tambuwal faɗin ƙasa nesa ba kusa ba, amma a ƙidayar 2006 mutanenta wajen 125,000 ne, na Tambuwal kuwa sun haura 220,000. Wannan ya nuna maka yawan daji da tazarar da ke tsakanin ƙauyuka. Gulbin Zamfara, da ya baro Gummi ya nufi Jega, ta wannan ƙasa yake ratsawa, ya bar fadamu masu laka inda ake shinkafa da damina, da rani kuma a yi albasa da tattasai da rake da dankali. Giginya na tsaye a bakin ruwa, yara suna tallar muruci a tire. A kan manyan itatuwa na ga amya a rataye, ta ciyawa da aka shafe da kashin shanu, ana jiran ƙudan zuma. A kan rufin ɗakuna da gindin rumbuna kuwa kabewa ce jibge, wasu sai mutum ya sa hannu biyu zai ɗaga.

Kabewa ita ce fiyar hunturun wannan ƙasa ta fuskar ajiya. Idan ta ƙosa sosai, aka tsinke ta da hancinta, ba a fasa mata jiki ba, tana yin watanni ba ta lalace ba, ba firji ba magani. Yawanci miyar taushe ake yi da ita, ko fate, ko a dafa a ci da ƙuli-ƙuli. A gidan da muka sauka, gidan kawun abokina, labarin baƙon da ya bar biskit ya nemi kudaku ya riga ni isa. Uwargidan ta aiko a ce mini in jira, za ta yi mini abin da kakarta ke yi musu suna yara. Na roƙi izinin maigida na tsaya daga bakin ƙofar madafa ina kallo.

Ta zaɓi kabushi, kamar yadda suke ce wa kabewa, mai jan ciki sosai. Ta yanka ta manya-manya da ɓawonta, ta kankare 'ya'yan ta ajiye don iri. Ta jera yankan a tukunyar ƙasa, ɓawo a ƙasa, ta zuba ruwan da bai wuce ludayi ɗaya ba, ta farfasa mazarƙwaila ta watsa, ta daka citta da kanumfari kaɗan ta barbaɗa. Ta kife kasko a bakin tukunyar, ta zaunar da ita cikin rushi, ta kwashi garwashi ta zuba a kan kaskon, wuta ta zama sama da ƙasa. Wannan tanda ce sosai, ba abin da ta rasa. Bayan kamar awa guda ta buɗe. Ruwan ya ƙafe, mazarƙwailar ta narke ta shiga jikin kabewar, gefen yankan ya yi duhu. Ta ɗiga man shanu, ta barbaɗa dakakkiyar soyayyar gyaɗa, nawa kuma ta ƙara masa zuma daga wata 'yar kwalba. Da cokali na ci, ina kankarowa har ɓawo. Ba zan ce ta fi fiyar Holan ba, kowace da irin daɗinta; fiya tana da ɗan tsami da ƙamshin fure, kabewa tana da nauyi da gamsarwa. Amma da za a jera su a teburi ɗaya, ta Kebbe ba za ta sunkuyar da kai ba.

Maigidan, dattijo mai karatu, ya zauna tare da mu ya ci, yana cewa rabonsa da wannan tun yana saurayi. Ya tuna mana ruwayar Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son kayan zaƙi da zuma. Daga nan hira ta juya inda kowace hira ke juyawa a wannan yanki yanzu. Kebbe tana iyaka da Zamfara, kuma 'yan bindiga sun taɓa ƙauyukanta ba sau ɗaya ba. Gonar da ke nesa da gari sai a yi shahada a je ta, wasu an bar su sun koma saura. Mai amya da ya saba kutsawa cikin daji da dare da bakin wuta don ɗebo zuma, yanzu sai ya yi tunani biyu. Wanda ke birni yana jin labarin a rediyo a matsayin adadin mutanen da aka sace ko shanun da aka kora. A nan kuwa har cikin tukunya ake jin sa, a tsadar zuma da ƙarancin abin da ake kawowa kasuwa daga ƙauyukan ciki.

Zaƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya ba da labarin cewa a 1853, tsakanin Wurno da Sakkwato, ya ga gonar rake inda ake yin sukari, kuma mai aikin wani mutum ne da ya yi shekaru yana bauta a Barazil kafin ya dawo. Ga maɗin ɗinya da alewarta, ga garin ɗorawa, ga magarya da kanya da goriba, ga mazarƙwaila da har yau ake matsewa a dafa a ƙasar Maƙarfi da sauran wuraren rake. Abin da ya sauya shi ne farin sukari ya zama ruwan dare. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyen sukarin da ake tacewa a Nijeriya daga waje ake shigo da shi, akasari daga Barazil. Shi ne a shayi, shi ne a koko, shi ne a biskit da lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba mutum ƙarfi a yini, wato wajen cokalin shayi 12 ga babba. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana iya ɗaukar kusan cokali 9.

Ba ina cewa gasasshen dankali magani ba ne. Gashin da ke fito da zaƙinsa shi ne kuma ke sa ya ɗaga sukarin jini da sauri fiye da dafaffe, don haka mai ciwon sukari ya yi hattara, ya ci kaɗan ko ya tsaya ga dafaffen. Zuma da mazarƙwaila su ma sukari ne a wurin jiki. Sai dai dankali da kabewa suna zuwa da harza da sinadaran gina jiki, suna cika ciki, yaro ya ci ɗaya ko biyu ya ƙoshi ya kwanta. Lemo kuwa ruwa ne da sukari da kala, a sha a ƙara jin ƙishi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar Inna ta farko, cewa ba a ba baƙo. Ba rowa ba ce, kara ce. A idonta abin da aka sayo da kuɗi, mai leda da rubutu, shi ya cancanci mutumin da ya zo daga nesa, abin da aka haƙo a bayan gida kuwa na yara ne da masu tsaron gona. Wannan tunani ba a Tambuwal kaɗai yake ba, yana gidan kowannenmu, kuma mu 'yan boko mu muka koyar da shi, domin mu ne muke zuwa ƙauye da katan ɗin lemo a bayan mota a matsayin tsaraba. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ba na kunya ba ne. A birni murhun itace yana ɓacewa, gas da risho sun maye gurbinsa, kuma gas ba ya barin rushi. Wannan ci gaba ne ga huhun mata da kuma dazukanmu, ba na fatan a koma baya. Amma yaron da ya tashi a gidan gas ba zai san wannan ɗanɗano ba sai an nemo masa wata hanya. Hanyar kuwa tana nan: tsohuwar tukunya mai kauri, a shimfiɗa tsakuwa ko yashi mai tsabta a gindinta, a jera dankali, a rufe, a rage wuta ƙasa sosai, a riƙa juyawa. Cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi zai yi.

A tashar Tambuwal, inda motocin Sakkwato da Jega da Kwantagora ke tsayawa dare da rana, na ga mai tsire da mai shayi da mai rake da masu soya dankali da ƙosai. Matashin da zai yanka ganga ya yi tanda, ya riƙa gasa dankali a hankali daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba ya bukatar mai, wanda shi ne ke cinye ribar masu suya, kuma kayan aikinsa daga fadamar da ke kusa za su fito. Zai fi samun kasuwa idan ya sami irin nan mai cikin ruwan goro. Cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ta fitar da ire-irensa a 2012 da 2013, ciki har da King J da Mother's Delight, kuma aikin yaɗa irin wannan dankali a Afirka ne ya sa Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low suka shiga cikin waɗanda aka ba Kyautar Abinci ta Duniya a 2016. Yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke raunana idon yara da garkuwar jikinsu. Wasu manoma da masu suya ba sa son sa saboda ya fi namu ruwa da taushi, amma wannan taushin shi ake nema a gashi. Babbar matsalar yaɗa shi a Arewa ita ce raya yabanyarsa har ta tsallake rani, tunda da reshe ake dasa dankali ba da ƙwaya ba. Masu fadama a bakin gulbin Zamfara suna da damshin da za su yi wannan, har su sayar wa na tudu idan ruwa ya sauka.

Da na koma gida na gwada dabarar uwargidan Kebbe a kan gwaiba, domin a cikin 'ya'yan itatuwanmu ita ce jikinta ya fi kusa da na fiya, har da ɗan tsakin nan da ake ji a haƙori. Na zaɓi manya waɗanda suka ƙosa amma ba su yi luguf ba, na raba biyu, na ƙwaƙule 'ya'yan, na sa man shanu da ɗan gutsuren mazarƙwaila da citta a ramin, na rufe a tukunya a kan wuta ƙasa-ƙasa. Ba ta kai kabewa daɗewa ba, rabin awa ya ishe ta. Wadda ta nuna sosai narkewa take yi ta zama ruwa, sai dai a sha da cokali. Idan aka matsa mata lemon tsami kaɗan bayan an sauke, aka ɗora kindirmo mai sanyi a kai, yara sukan nemi ƙari, kuma gwaiba huɗu sun ishi mutum huɗu.